Maud Lewis: Matar da ta fara da tallan kati a motar kifi, a 2022 aka sayi zanenta dala 350,000

A watan Mayun 2022 an yi gwanjon wani ɗan ƙaramin zane a garin New Hamburg da ke lardin Ontario na ƙasar Kanada. Babu wani abu mai yawa a cikinsa: mutum ne yake tuƙa baƙar motar ɗaukar kaya a kan hanyar ƙauye, ga gida da furanni a gefe. An saye shi a kan dalar Kanada 350,000, kusan ninki goma na abin da masu gwanjon suka yi hasashe.

Ma'auratan da suka kawo zanen kasuwa ba da kuɗi suka mallake shi ba. A farkon shekarun 1970 suna da gidan abinci a birnin London na lardin Ontario, inda wani mai zane da ya saba cin abinci a wurinsu ya ba su shi a madadin kuɗin gasasshen burodi da cuku.

Matar da ta yi zanen, Maud Lewis, ba ta ga wannan rana ba. Ta rasu tun a 1970, bayan ta shafe shekara 32 a gida mai ɗaki ɗaya wanda babu lantarki babu ruwan famfo. Ko a shekarunta na ƙarshe, lokacin da sunanta ya karaɗe Kanada, farashin zanenta yana tsakanin dala 7 ne zuwa 10.

Yawanci ana ba da labarinta a matsayin na macen da naƙasa da talauci ba su hana ta yin abin da take so ba, kuma haka ne. Sai dai ga duk mai sana'ar hannu da ya fara tunanin fitar da aikinsa daga ɗaki zuwa kasuwa, labarin yana ɗauke da wasu tambayoyi: wa ke yanke farashin farko, sau nawa hannu ɗaya zai iya maimaita aiki, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga?

Katin farko

An haifi Maud Dowley a farkon shekarun 1900 a yankin Yarmouth da ke kudu maso yammacin lardin Nova Scotia, a gaɓar tekun Atlantika. Mahaifinta maƙeri ne, kuma yana ɗinka kayan doki na fata, sana'ar da ke da kasuwa a zamanin da dawaki da shanu ne ke jan kaya. Ba masu kuɗi ba ne, amma suna da rufin asiri.

Da naƙasa aka haife ta. Kafaɗunta a zube suke, haɓarta kuma kusan a manne da ƙirji. Tun tana yarinya amosanin gaɓɓai ya kama ta, ciwon da ya ci gaba da lanƙwasa mata yatsu har ƙarshen rayuwarta. Ta bar makaranta da wuri, ta koma zaman gida tare da mahaifiyarta, Agnes.

A wannan zaman ne mahaifiyar ta koya mata zana katin gaisuwar Kirsimeti da fentin ruwa. A ƙasashe irin su Kanada, al'ada ce mai ƙarfi mutum ya aika wa 'yan'uwa da abokai kati a ƙarshen shekara, kamar yadda wasu ke aika katin barka da Sallah. Kamfanoni na buga irin waɗannan katuna da yawa, amma akwai masu son na hannu. Uwa da 'ya suka riƙa zanawa suna sayar wa maƙwabta da 'yan gari a kan 'yan sentoci.

Iya karatun zanen da Maud ta yi ke nan. Ba ta shiga makarantar koyon zane ba, ba ta zauna a gaban wani gwani ba.

Mahaifinta ya rasu a 1935, mahaifiyarta ta bi shi a 1937. Gidan ya koma hannun ɗan'uwanta, Charles, ita kuma ta tattara ta koma garin Digby wurin 'yar'uwar mahaifiyarta. Tana da shekara talatin da 'yan kai, ba ta da gida, ba ta da aiki, jikinta kuma ba na aikin ƙarfi ba ne. Abin da ke hannunta kawai shi ne iya zana kati.

Kifi a baya, kati a hannu

A ƙauyen Marshalltown da ke kusa da Digby akwai wani mai tallan kifi mai suna Everett Lewis, wanda ya liƙa sanarwa a kantin unguwa cewa yana neman mai kula masa da gida. Maud ta je har ƙofarsa. A watan Janairun 1938 suka yi aure.

Gidan da ta tare a ciki kimanin mita huɗu ne tsawo da mita huɗu faɗi. Ɗaki ɗaya ne da murhun itace, sai ɗan wurin kwana a saman rufi. Yana dab da gidan gajiyayyu na yankin, inda shi kansa Everett ya yi wani ɓangare na yarintarsa.

Everett yana zagaya ƙauyuka a tsohuwar motarsa ƙirar Ford yana sayar da kifi gida-gida. Maud ta riƙa bin sa da katunanta. Matan da suka fito sayen kifi sai su ga kati mai hoton tsuntsu ko keken doki a cikin dusar ƙanƙara, su ƙara 'yan sentoci su ɗauka.

Idan aka dubi wannan talla da idon ɗan kasuwa, za a ga abin da ya sa kati ke zama ƙofar shiga ga mai zanen da ba a san shi ba. Jarinsa kaɗan ne: takarda da ɗan fenti. Mai saye ba ya dogon tunani kafin ya biya, domin kuɗin bai kai na kifin ba. Yana da lokacinsa na shekara da ake neman sa. Sannan ba ya zama a hannun wanda ya saya, aika shi ake yi, don haka aikin yana isa gidajen da mai zanen bai taɓa takawa ba. Maud kuma ba ta sha wahalar neman masu saye ba, tun da kifin mijinta ya riga ya buɗe mata ƙofofin.

Amma kati yana da nasa cikas. Wanda ya saba sayen aikinka da sentoci, da wuya ya yarda wata rana aikin ya kai daloli masu yawa. Farashin farko yana zama ma'aunin da ake auna duk abin da ya biyo baya, a idon mai saye da kuma a zuciyar mai sayarwa.

Daga takarda zuwa katako

Wajen 1939 Everett ya samu aikin gadin dare a gidan gajiyayyun, tallan kifi ya ja baya. Daga nan sai kasuwar Maud ta koma ƙofar gida. Sa'ar da ta yi ita ce gidan yana bakin babbar hanyar da ta haɗa Yarmouth da Halifax, babban birnin lardin, hanyar da masu yawon buɗe ido ke bi a lokacin zafi, ciki har da Amurkawa da yawa. Ta rubuta allo ta kafa a waje mai nuna cewa akwai zane na sayarwa.

Ta fara zane a kan duk abin da ya samu: guntun katako, kwali mai tauri, farantin gasa biskit, duwatsun bakin teku da ɓawon katantanwar ruwa. Everett ne ke yanka mata katakon, ya kuma tattaro ragowar fentin gida da na jiragen kamun kifi. Gwangwanayen kifi ne mazubin fentinta. Tana zaune a kujera a gefen taga, da ɗan tebur a gabanta.

Hanyar aikinta mai sauƙi ce. Takan shafe katakon da farin fenti, ta fitar da siffar abin da take so, sannan ta cike da launi mai haske, kusan yadda ya fito daga mazubinsa. Yawancin zanenta ƙanana ne, domin iya inda hannunta zai miƙa ke nan. Da ciwon ya tsananta, sai ta tallafe hannun da ke riƙe da burushi da ɗaya hannun.

Shi kansa gidan bai tsira ba. Ta zana furanni da tsuntsaye da malam-buɗe-littafi a jikin ƙofa, tagogi, bango, matakala, murhu, har da abin kwashe shara. Mai wucewa a mota ba zai rasa ganin sa ba, kuma hakan ya ja mata masu saye fiye da allon da ta kafa.

Daga tsakiyar shekarun 1940 matafiya suka fara tsayawa suna sayen zane a kan dala 2 ko 3. Wasu kan tafi da shi fentin bai gama bushewa ba.

Abin da masu saye ke gani

Maud ba ta yi tafiya mai nisa ba a rayuwarta. Abin da ta sani a Yarmouth da Digby shi take zanawa: bijimai biyu masu jan kaya da ƙararrawa a wuya, dawaki na jan keke a kan ƙanƙara, jiragen masunta a tasha, barewa a bakin ruwa, baƙaƙen kyanwoyi zaune a cikin furanni.

Ba ta damu da bin ƙa'idar yadda abubuwa suke a zahiri ba. Takan sa wa bijimi dogon gashin ido, ta bar ganye mai launi a kan bishiya alhali ƙasa cike take da dusar ƙanƙara. Da wuya a ga inuwa a zanenta, abin da ya sa wani fim ɗin tarihinta da Hukumar Fina-finai ta Kanada ta fitar a 1976 ya kira duniyarta da marar inuwa.

A lokacin, tarakta da mota suna maye gurbin shanu da dawaki a ƙauyukan Nova Scotia. Matafiyin da ya fito daga birni yana son ya koma gida da ɗan abin da zai tuna masa da tsohuwar rayuwar ƙauye, kuma Maud na sayar da shi a farashin da bai fi na abincin rana ba.

Da ta lura da abin da aka fi so, sai ta riƙa maimaita shi. Ta zana kyanwoyi uku da bijimai biyu sau da yawa ƙwarai, kowanne da ɗan bambanci. Daga baya ma ta riƙa amfani da kwalin da aka yanka da siffar dabbobin, ta ɗora a kan katako ta bi gefensa, don ta rage wa yatsunta wahala.

Suna ya fita, farashi ya tsaya

A tsakiyar shekarun 1960 mujallar Star Weekly ta birnin Toronto ta buga labarinta tare da hotunan da Bob Brooks ya ɗauka a cikin gidan. A 1965 gidan talabijin na ƙasa, CBC, ya nuna ta a shirinsa mai suna Telescope. Daga nan wasiƙu suka fara zuwa daga sassan Kanada da Amurka, kowa na neman zane. A zamanin Shugaba Richard Nixon an yi odar zane biyu daga fadar White House, kuma ana ba da labarin cewa ta ce sai an turo kuɗin tukuna.

A ƙa'idar kasuwa, idan masu nema suka fi abin sayarwa yawa, farashi kan tashi. A gidan Lewis ƙyar ya motsa. Ya kai dala 5, sannan 7 zuwa 10 a shekaru uku ko huɗu na ƙarshe. Masu rubuta tarihinta sun ce ita da mijinta suna tsoron idan suka ƙara kuɗi masu saye za su gudu.

Sakamakon haka shaharar ba ta kawo mata hutu ba, aiki ta ƙara mata. Kowace wasiƙa tana nufin wani sabon katako da za a shafe, a zana, a cike da launi, da yatsun da kullum ƙara lanƙwashewa suke. Tana aikin ne a ɗaki ɗaya mai cike da warin fenti da hayaƙin itace, abin da ake ganin ya taɓa mata huhu.

A ƙarshen shekarun 1960 ta faɗi ta karye a ƙugu, kuma ba ta sake murmurewa sosai ba. Ta rasu a asibitin Digby ranar 30 ga Yulin 1970 sakamakon ciwon nimoniya.

Dutse ɗaya, kwafi 50

A daidai shekarun da Maud ke maimaita kyanwoyinta ɗaya bayan ɗaya, wasu masu zanen da su ma ba su shiga makarantar zane ba suna fuskantar irin wannan matsala a can arewacin Kanada, kuma sun bi wata hanya dabam.

A garin Cape Dorset, wanda yanzu ake kira Kinngait, a yankin 'yan ƙabilar Inuit, wani mai zane kuma jami'in gwamnati mai suna James Houston ya ba da labarin yadda abin ya fara a 1957. Wani gwanin sassaƙa, Osuitok Ipeelee, ya dubi kwalayen sigari guda biyu masu hoto iri ɗaya, ya nuna tausayin mutumin da ke zama yana zana hoto guda a kan kowane kwali. Houston ya ɗauki haƙorin dabbar teku da Osuitok ya yi wa zane da wuƙa, ya shafa masa tawada, ya danna takarda a kai. Hoton ya fito a jikin takardar.

Wannan shi ne asalin bugun hannu, kuma duk wanda ya taɓa ganin hatimi ya san yadda yake aiki. Ana sassaƙa hoto a kan dutse mai laushi ko katako ko roba, a cire wuraren da ba a son tawada ta taɓa. Sai a shafa tawada, a shimfiɗa takarda, a murza bayanta da hannu, a ɗaga. Ana iya maimaitawa sau da dama daga sassaƙa guda. Kowane kwafi aikin hannu ne, ba hoton inji ba.

Abin da ke riƙe darajarsa shi ne iyaka. A Kinngait yawanci kwafi 50 ake bugawa, a rubuta lamba a ƙasan kowanne, misali 7/50, wato na bakwai cikin hamsin, tare da sunan mai zanen. Bayan haka sai a goge fuskar dutsen yadda ba za a ƙara bugawa ba. Mai saye ya san iya adadin da ke duniya ke nan.

A 1959 suka fitar da tarin bugunsu na farko na shekara-shekara, kuma a wannan shekarar aka kafa ƙungiyar gama-kai ta garin, wadda ke sayen zane daga hannun masu yi, ta buga, ta kai kasuwannin kudu. Mai zane ba shi ne ke tsayawa shi kaɗai a gaban mai saye yana jin nauyin faɗin farashi ba. Har yau ana fitar da wannan tari duk shekara.

Ko wannan tsari bai toshe duk ɓaraka ba. Kenojuak Ashevak, wadda ta fi kowa shahara a cikinsu, dala 24 aka biya ta a kan zanen mujiyar da aka buga a 1960 mai suna The Enchanted Owl. A 2001 an yi gwanjon kwafi ɗaya a kan dala 58,650, lokacin tana raye, kuma ko sisi bai shiga hannunta ba. A 2018, shekara biyar bayan rasuwarta, wani kwafin ya kai dala 216,000. Duk da haka ta shafe fiye da shekara 50 tana cin abinci da sana'arta ta hanyar ƙungiyar, ta kuma karɓi manyan lambobin yabo na ƙasa da hannunta.

Maud ba ta da dutse, ba ta da ƙungiya. Idan mutum 50 suna son kyanwoyinta, sai ta zana su sau 50.

Aljihun da kuɗin ke shiga

Ko 'yan dalolin da ke shigowa ba a hannun Maud suke zama ba. Everett ne ke riƙe da kuɗin gidan. Gaskiya ne shi ke dafa abinci da sauran ayyukan gida da jikinta ba zai iya ba, shi ke samo katako da fenti, shi ke kai saƙo gidan waya. Amma marubuci Lance Woolaver, wanda ya fito daga yankin Digby kuma ya rubuta littattafai a kan rayuwarta, ya bayyana shi a matsayin mutum mai tsananin maƙo, mai ɓoye kuɗi, wanda bai sa wa gidan lantarki ko ruwa ba ko bayan da ciniki ya buɗe.

Bayan rasuwarta Everett ya ci gaba da zama a gidan, yana yin nasa zanen a irin salonta yana sayarwa. Jita-jitar cewa yana da kuɗi a ɓoye ta yaɗu a yankin. A 1979 wani matashi ya shiga gidan da niyyar sata, ya kashe shi.

Akwai wata mata a Ingila da ita ma da kati ta fara, amma ta riƙe ragamar kasuwancinta da kanta. Beatrix Potter ta zana katunan Kirsimeti masu hoton zomonta don 'yan gidansu, sannan a 1890 wani kamfanin buga kati mai suna Hildesheimer & Faulkner ya sayi zanenta a kan fam 6. Da kamfanonin ɗab'i suka ƙi karɓar ɗan littafinta na yara a kan wani zomo mai suna Peter Rabbit, sai ta buga kwafi 250 da kuɗinta a 1901. Kamfanin Frederick Warne ya fitar da shi a 1902. A 1903 ta ɗinka 'yar tsanar zomon ta yi mata rajista da sunanta. Zuwa 1905 ta sayi gona, kuma da ta rasu a 1943 ta bar wa hukumar kula da wuraren tarihi ta National Trust fili sama da eka 4,000.

Ba daidai ba ne a auna matan biyu da mudu ɗaya. Potter 'yar masu kuɗi ce a birnin Landan, tana da ilimi da danginta masu faɗa a ji. Maud ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma bambancin ya nuna inda dukiyar mai zane take: ba a takardar da ya miƙa wa mai saye kaɗai ba, har da ikon cewa wa zai kwafi hoton, sau nawa, kuma a kan nawa.

Kura da shan bugu

Darajar aikin Maud ta fara hawa ne bayan babu ita. A ƙarshen shekarun 1990 an zagaya da baje kolin zanenta a biranen Kanada. A 2009 an sayi wani a kan dala 22,200 a Toronto. A 2016 fim ɗin Maudie ya fito, inda Sally Hawkins ta fito a matsayin Maud, Ethan Hawke kuma a matsayin Everett, abin da ya kai sunanta ƙasashen waje. A 2017 an tsinci wani zanenta na masunta biyu a cikin kayan da aka bayar sadaka a wani shagon tsofaffin kaya a Ontario, aka sayar da shi dala 45,000. Sai kuma baƙar motar 2022.

Sauƙin salonta ya jawo wata matsalar. Masu jabu sun shiga kasuwar, har ya zama dole mai saye ya nemi masani ya tantance masa kafin ya biya.

Irin wannan yanayi, na kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, shi ya sa wasu ƙasashe suka yi dokar da ke ba mai zane ko magadansa wani kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa ta hannun dillali ko a wurin gwanjo. Faransa ce ta fara a 1920, Birtaniya ta bi sahu a 2006. A lokacin da aka yi gwanjon mujiyar Kenojuak da motar Maud, dokar Kanada ba ta da wannan tanadi, duk da cewa ƙungiyar masu zane ta ƙasar, CARFAC, ta daɗe tana neman a ba su kashi 5 cikin 100.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana da irin wannan tanadi: mai zane yana da haƙƙin samun kaso idan aka sake sayar da asalin aikinsa a gwanjo ko ta hannun dillali. Sai dai kafin a kai ga neman haƙƙi, dole a iya tabbatar da wanda ya yi aikin. Shi ya sa sa hannu, rubuta shekara, lambar kwafi da ajiye lissafin abin da aka sayar suke da muhimmanci tun daga katin farko, lokacin da mai zanen yake ganin aikin bai kai a damu da shi ba.

Gidan da ya shiga cikin gida

Bayan mutuwar Everett gidan ya fara lalacewa. Mutanen Digby suka kafa ƙungiya don ceto shi, kuma a 1984 gwamnatin lardin Nova Scotia ta saye shi. An kwance shi, aka gyara, aka sake haɗa shi a cikin babban gidan adana zane-zane na lardin da ke Halifax, inda yake tun 1998. Masu ziyara na leƙawa ta ƙofar da ta yi wa furanni su ga kujerar da ke gefen taga. A inda gidan yake da a Marshalltown, an kafa wani na ƙarfe daidai girmansa don tunawa da ita.

Masu rubuta tarihinta sun ce ko a kwanakin da take kwance a asibiti ba ta daina ba. Da katako da fenti suka gagara, sai ta koma kan takarda, tana zana wa ma'aikatan jinya kati.

A ƙarshen 2020, shekara 50 bayan rasuwarta, hukumar gidan waya ta Kanada ta fitar da kan sarki guda uku na lokacin Kirsimeti masu ɗauke da zanenta na dusar ƙanƙara. A wannan shekarar, hotunan matar da ta riƙa bin motar kifi da kati a hannu su ne aka manna a bayan ambulan ɗin katunan gaisuwa da suka zagaya ƙasar.